Mudu Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ina duba mudu
a layin 'yan hatsi, Kasuwar Sabon Gari.
Ba rawani, ba ɗan sanda a bayana,
sai kwanon ƙarfe da Sarkin Kasuwa ya damƙa mini,
da babban yatsa mai gane gindin da aka bubbuga.

Yau ga Uwani, autata,
wadda ta yi barci a kan buhunan dawa,
ta gama Kongo da takalmi ɗaya,
an ce ita ce Kwamishinar kasuwar ƙasashe.
Kasuwa guda, tutoci barkatai,
nan naira, can sefa,
shinge kuwa sai wanda ya ƙirga ya gaji.

Ranar da rediyo ya faɗa,
Barau mai albasa, na fadamar Galma, ya yanka zakara.
"Tamu ta samu," in ji shi,
"ƙofa za ta buɗe mana, ta rufe wa baƙo."
Na ci naman. Ban ce uffan ba.

Wata bakwai, sai ga hukunci:
tirelolin albasa da aka tsare a iyaka
kwana goma sha ɗaya, har ta fara tsiro a buhu,
a sake su, a biya masu ita diyya,
kuma ƙasarmu ce za ta biya.
Sa hannun 'yata ne a ƙasan takardar,
da karkatar nan tata ta bahaguwa.

Albasa ta kwararo ta Kwangila,
kafin la'asar farashi ya durƙusa.
Barau ya daina gaishe ni.
A masallacin layinmu sahu ya yi mini faɗi,
kafaɗata ta nemi kafaɗa ta rasa.
Wani ya ce ta sayar da gida.
Wani ya ce ai da ma.

Da dare ta bugo waya, muryarta a dushe.
"Baba, kowa na son kasuwa a buɗe
ranar da shi ke da kaya.
Babbar ƙasa tana buga teburi,
ƙarama tana miƙo takarda da hannu biyu,
ni kuma an ce in ji su daidai.
Wanda ya kai sunana ma ya ce in tuna da baya."

Sai na tuna mudun Yaya Tanimu,
uwa ɗaya, uba ɗaya.
Na shafa gindinsa, na ji tudun nan,
na kife shi gaban jama'a, na taka.
Shekara biyu bai shiga zaurena ba.
Inna ta rasu tana ganin laifina.
Amma matan Hunƙuyi ba su daina zuwa ba,
sun san awon layinmu bai san dangi ba,
kuma da wannan muka ci, har da shi Tanimun.

Da Sallah ta shigo ta Ƙofar Doka,
ba jiniya, ta rame, gilashinta ya ƙara kauri.
Na ɗauko kwanon daga ƙarƙashin gado.
Ta yi dariya: "Can da tan ake awo, Baba,
da kashi cikin ɗari."
Na ce ajiye shi dai a teburinki.
In minista ya kawo magana mai ƙyalli,
kada ki dubi bakinta,
juya ta, ki shafa gindin.

Abin da ban faɗa mata ba:
Barau bashi ya ci ya sayi taki,
kuma gaskiya ba ta biyan bashin kowa.
Gobe zan bi ta rumfarsa
in ɗauki kwando a tsohon farashi.
Zai ƙirga kuɗin bai dube ni ba.
Zan tsaya har ya gama ƙirgawa.