Ƙidayar Dare a Waza

Baƙi in sun zo, giwa suke tambaya,
da raƙumin dawa, da zaki in an yi sa'a.
Ni kuwa kujerar roba aka ba ni, da tocila,
da littafin da Baba Abakura ya bari,
bangonsa ya sha gumi har ya koma kalar laka.

Aikina kwaɗi.

Bayan isha'i nakan zauna a bakin tafki,
in kashe wuta, in buɗe kunne.
Akwai mai murya kamar ana jan tsohon ƙyaure,
akwai mai ƙwanƙwasa kamar maƙeri ya samu ciniki,
akwai ƙaramin nan da ba ya cewa uffan
sai manya sun gaji.
Murya tara Baba ya rubuta a damunar da aka yaye ni.
Bara biyar na samu.
Na sake ƙirgawa don kada in yi wa tafki ƙazafi.
Biyar ɗin dai.

Da safe sai kashin giwa.
Ku yi dariyarku. Da tsinke nake tona shi
in ga buzuzu nawa suka zo cin kasuwa.
Ranar da ya bushe a inda ya faɗi, ba mai mirginawa,
wani ya bar dajin nan bai yi sallama ba.

Malama Dudu ta zo daga Garwa da kwalabe goma sha biyu,
ta ɗebi ruwa, ta ce sakamako sai bayan wata uku.
Na nuna mata kan ciyawa
inda mazari ke shanya fiffike a da.
Ta daɗe tana kallon wurin.
Ta ari alƙalamina.

Ruwan Lagwan ya makara bana,
shanu sun shigo har gindin farar ƙaya,
ban ga laifin makiyayi ba, ƙishirwa ba ta san iyaka ba.

Amma shekaranjiya, wajen ƙarfe ɗaya,
can ta gabas, cikin burgu,
na ji wata murya da ban taɓa ji ba
sai a bakin Baba, yana kwaikwayonta muna dariya.
Sau biyu ta yi. Na riƙe numfashi.
Sauro ya ci rabonsa, ban motsa ba.

Na rubuta shida.
Na sa ƙaramar alamar tambaya a gefe,
na kwana ina jiran ta uku.