Kofi Na Uku

A gindin darbejiya, kan hanyar kwata a Mai Wurno,
nan nake hura gawayi tun kiran assalatu.
Shekara tara ina zuba wa mutum biyu shayi:
Atiƙu, da ya tsufa yana koyar da lissafi a Sinnar,
da Malam Jibo, ladanin masallacin ƙasa.
Ɗaya ba sukari. Ɗaya cokali uku.

Wannan makon gardamarsu ta sami gawa.
Sambo, ɗan Iya Tabawa, rami ya rufta da shi
can arewa, wajen masu haƙar zinariya.
Ita kuwa tana kwance, zuciya kamar tsohon zare.
Kwana shida ba wanda ya faɗa mata.

Atiƙu ya jera tsakuwa a kan benci:
"Wannan gaskiya, wannan rai.
In gaskiya ta kashe ta, gawa ta zama biyu.
Biyu ta fi ɗaya. Ina kuskurena?"
Jibo ya ja carbi: "Kai ke riƙe da ajali?
Addu'ar uwa haƙƙin mamaci ce.
Kullum kasuwa take roƙa masa,
shi kuwa gafara yake jira."

Washegari suka yi musayar riga ba su sani ba.
Jibo ya zo da hujjar sassauta wa mara lafiya.
Atiƙu ya kwana lissafi, ya gano
ƙarya ba ta zaman gwauranci, sai ta haihu,
to wa zai ciyar da 'ya'yan?

Shayi ya huce, na sake ɗorawa.
Ba wanda ya tambaye ni. Mai shayi kunne ce.

Da la'asar na kai wa Iya kunun gyaɗa.
Ta kama hannuna, ta nuna akwatin ƙarfe:
"Farar jallabiyarsa na ciki, Kaltume,
ki ba mai kwalekwale sadaka.
Tun ranar da ladan ya gaishe ni sau biyu,
malamin boko ya tuɓe takalmi a ƙofata, na gane.
Kada ki gaya musu tukuna,
ba su gama ɗaure zuciyarsu ba."

Yau ma suna nan, tsakuwa da carbi.
Kogi na wucewa, bai tsaya jin hukunci ba.
Na zuba kofi na uku, na ajiye tsakaninsu.
Atiƙu ya ce, na wa?
Jibo ya ce, na wa?
Na juya ina fifita wuta.