Wuƙa Marar Kube

A Shomolu, bayan layin masu ɗab'i,
inda danfo ke tari tun asuba,
akwai shagon Iya Morenike, ɗaki ɗaya da rabi.
Can nake kiwon haske.

Kiwo na ce,
don ba a juya masa baya.

Ranar farko ta nuna mini jan ɗigo a kan katako,
ta ce: Tasi'u, wannan ɗan aike ne kawai,
mai yankan ba ya ganuwa.
Rufe murfi kafin ka gaishe shi.
Saurari fanka, ka ji tana jan numfashi.
Taɓa bututun ruwa, in da ɗumi, dakata.
Goge madubi kamar idon jariri.

Na ce to, irin to ɗin yaro.

Wata Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na ɗora falanki, sunayen ango da amarya ɗari biyu,
na ce bari in tsallaka in karɓo burodi.
Taku goma sha ne.
Na ƙirga su daga baya, sau da yawa.

Da na dawo, wani ɗan harshe rawaya
yana lasar sunan amarya a ƙarƙashin gilashi.
Iya ta riga ni.
Ta kashe inji, ta fizgo jar tukunya daga ƙusa,
farin huci ya cika akwatin.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Tabon yana nan a murfin, baƙi, kamar ɗan yatsa,
ta hana a canza shi.

Yanzu ko Nefa ta ɗauke, janareta ya karɓa,
sai na ji fanka ta dawo kafin in ce bismilla.

Jiya wani mai ƙaton agogo ya kawo roba mai sheƙi,
yana sauri, zai ninka kuɗi.
Na gasa wayar tagulla, na dangwali gefenta,
na mayar cikin wuta a bakin ƙofa:
harshen ya koma kore shar.
Na ce ranka ya daɗe, wannan hayaƙinta guba ne,
yana cin ƙarfe, balle huhu.
Ya tafi yana ƙunƙuni.
Iya ba ta ɗago daga lissafinta ba,
amma na ga gefen bakinta.

Da yamma na sassaƙa suna a ɗan allon ƙofa,
ina tsaye, hannu kusa da jan maɓalli,
har haske ya ajiye wasalin ƙarshe.
Na jira hayaƙi ya fice. Sannan na buɗe.

A Agege, Lantana na jira a bakin zaure,
shekara huɗu, tana koyon ƙirga.
Kullum da hannuna take farawa.
Ɗaya, biyu, uku,
ta tsallake bakwai, ta dawo,
goma.
Sai ta leƙa idona, ta ga kanta sau biyu.