Randar Kaka Thoa

A Can Tho damina ba ta sallama.
Kogi ya hau matakala biyu,
Kaka Thoa ta ɗora randar shinkafa kan bulo,
ta jefa tafarnuwa da busasshen barkono,
ta danne murfi da dutse.

"Quyen, cusa hannu har gwiwa. Me kika ji?"
Tsaba na zamewa kamar yashi.
"To, lafiyarta lau."

Buhun maƙwabci ya kwana a ƙasa,
ya dunƙule, ya yi ɗorawa-ɗorawa,
warin hunhuna ya riga ido isowa.
Da ƙwari ne kaɗai, rana ta kore su.
Wannan ko agwagi ba a ba.

Yau Quyen na Saigon, hawa na tara.
Kafin ta auna, sai ta sunsuna.