Ɗiban Wuta

Teburina yana ƙarƙashin wata laima da rana ta cinye,
bakin titin Aboabo, inda trotro ke zubar da mutanen Kejetia.
Kwamfuta ɗaya, kebul shida, benci mai jingine da bulo.
Fim goma, sidi biyar.
In ka sayi waƙa, wa'azi gyara ne.

Shekara bakwai ina cewa ni ba ɓarawo ba ne.
Ɓarawo in ya ɗauka, wurin yakan zama fili.
Ni ɗiban wuta nake yi:
ka shiga gidan maƙwabci da marfin kwano,
ka fito da garwashi, murhunsa na nan na ci.
Masa'udu tela ya ɗago daga kan keke, ya ce,
"Mai ɗiban wuta ai yakan yi sallama."
Na yi dariya, na tura masa ƙwallon jiya.

Wata Laraba Safura ta zo,
mai shinkafa da wake ta bakin masallaci,
waya ƙulle a haɓar zane, gilashin duk ya yi faso.
"Kwashe min na ciki ka zuba a sabuwa.
Ka bi a hankali, akwai muryar uwata."
Na miƙa wa yarona Hudu, na tafi azahar.

Raka'a huɗu ce fa kawai.

A cikin wayar akwai saƙon murya, minti biyu,
da ta aika wa yayarta a Tamale cikin tsakar dare:
bashin asibiti, miji da ya daina tashi,
kuka ya shaƙe ta, wata kalma ta karkace a bakinta.
Hudu ya ga abin dariya.
Ya ba abokinsa. Ya rantse mutum ɗaya ya ba.

Kafin Juma'a an ɗora mata kiɗa.
'Yan makaranta a Asawase na kwaikwayon shessheƙar,
masu wankin mota na rawa da ita,
wani ɗan unguwa da ke Italiya ya turo min, wai in sha dariya.

Ta dawo. Ba ta zage ni ba, da ta zaga da na ji sanyi.
Ta tsaya, jan karan dafi bai bar yatsunta ba,
ta ce, "Mutawakkilu, mutum nawa ne?
Faɗa min adadin,
in san ƙofa nawa zan bi in roƙa a goge."
Na dubi allon kwamfuta.
Na dubi kwata.

Bayan sati biyu ga mutum biyu cikin farin kaya
da takarda mai hatimi. Ƙaninta ne ya kai ƙara.
Suka naɗe kebul, suka rungumi kwamfutar.
A ofis aka farke cikinta:
fim dubu uku, ko ɗaya ba gumina,
kowanne ashe da mai shi, kowanne da sashensa a doka.
Lauya ya ce tara ce, ko kurkuku, ko a haɗa min,
Hudu yaro ne, teburin kuwa sunana ke jikinsa.
Na sayar da babur na biya shi.
An ɗage zama sai bayan Sallah.

Wannan mai sauƙi ne.
Yana da rana, yana da farashi.

Jiya a trotro wayar wani ta yi ƙara,
sai ga muryarta, daidai inda kalmar ta karkace.
Mota ta ɗauki dariya,
yaron mota na ba ni canji yana maimaitawa.
Na sauka tun ban kai ba, na ƙarasa da ƙafa.

Safura ta ɗauke tukunyarta daga bakin masallaci.
Duwatsun murhu uku ne suka rage, da toka.
Wurin ya zama fili.
Nakan bi ta bayan layi in zan je sallah,
don kada in wuce ta gaban shagon Masa'udu,
wanda har yau bai ce min komai ba.