Ƙulli a Cikin Jarka

Na riga na tace, na riga na ɗura,
jarka biyu shuɗɗa a bayan ƙyaure.
Sukari ya narke, launi ya fito
ja wur, har yana kama ludayi.
Na ɗiba na kurɓa.
Zaƙi akwai, tsami akwai,
amma hanci bai ji komai ba.
Zoɓon ya shigo baki
kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Kanumfarin da na tafasa shi da shi tun asuba
wuta ta kore masa murya,
ƙamshin ya bi tururi ya haura katanga,
ya tafi yawo cikin Mabera
ya bar mini ruwa mai kunya.

Tumba ta leƙo ta kan dangar kara,
haƙoranta huɗu, idonta kamar na shaho.
"Mi ya samu ɗiyata?"
Na miƙa mata ludayin. Ta taɓe baki.
"Kak ki maishe shi bisa wuta.
Abin da zafi ya kora, sanyi ka kiran shi."

Ta yago gefen farin ƙyalle,
muka dafa shi, muka matse.
Kanumfari sha bakwai, ta ƙirga da kanta,
busasshiyar citta da aka ɗan buga a turmi,
masoro kaɗan, ɓawon abarba,
na'ana'a da na tsinko gindin randa.
Sai ta ce a sa tsakuwa.
Na ce tsakuwa kuma, Inna?
Ta ce ƙullin da bai da nauyi
bisa yake yawo, bai san gindin magana ba.

Muka ɗaure da zaren ɗinki, riɓi uku,
muka zura ta bakin jarka a hankali,
wutsiyar zaren a waje,
murfi ya danne ta.
"Kafin isha'i ki jawo shi.
Baƙon kirki bai kwana inda an ka ce ya wuni."

Azahar na ɗanɗana, shiru.
La'asar, wani abu ya motsa can nesa
kamar mai zuwa daga Kwannawa a ƙasa.
Babu wutar lantarki tun shekaranjiya,
Maccido ya kawo ƙanƙara a buhu,
na jera kewayen jarkokin, na rufa da tsumma.
Magariba na buɗe ta farko,
ƙamshi ya tashi ya mare ni,
har akuyar Ige ta daina tuƙa.

Na jawo ƙulli, ya fito jajir yana ɗiga.
Na je ga ta biyu.
Zare ya biyo hannuna shi kaɗai,
gajere, murfi ya guntule shi.
Na nemi waya, na nemi kara,
na lalubi duhun jarka har kafaɗa ta gaji.
Yaro yana kuka. Na ce gobe.

Da safe ɗaci ne.
Ɗacin da ke kashe harshe,
ya bar leɓe kamar na aro.
Na yi lissafin sukari mudu ɗaya da rabi,
na zauna bakin rariya, ban zubar ba.

Na ɗura a robobi, na kai bakin titi duka.
Mai daɗin ya ƙare kafin hantsi ya yi zafi.
Mai ɗacin, wani tsoho mai gyaran keke,
kumatunsa a kumbure,
ya sha ɗaya, ya tsaya, ya taɓa muƙamuƙi,
ya sayi biyar.

Yau sati uku yana zuwa.
"Ina mai cizon nan?"
Sau huɗu ina barin ƙulli ya kwana da gangan,
sau huɗu yana kurɓa ya girgiza kai.
Tumba dariya kawai take,
wai zaren da na yanke da hannuna
ba ɗaya yake da wanda ya tsinke ba.