Daren Farko a Zauren Murya

Aliero, bayan isha'i.
Na jingina da buhun albasa a rumfar Baba,
caji sittin da uku,
na buɗe zauren da babu tabarma a cikinsa.

Mutum huɗu suka shigo. Sai tara. Sai ashirin da ɗaya.
Babu fuska ko guda,
sai 'yan da'irori masu ƙyalli in mai su ya yi tari.

Zayyanu, da ya riga ni shiga harkar, ya ja mini kunne da rana:
"Faɗi abin da ya tara ku,
yanka wa kowa lokacinsa,
sannan ka kama bakinka.
Mai zaure ba shi ne mai labari ba."

Na ce: ruɓewar albasa a ajiya, minti bibbiyu.
Muryata na rawa, na gode Allah ba a ganin gumi.

Alhaji Na'Allah na Jega ya karɓi magana,
ya riƙe ta kamar da kuɗinsa ya saya.
Minti bakwai.
Sa'an mahaifina ne, a kasuwa ko ido ba na haɗawa da shi,
ga shi yau bakinsa na ƙarƙashin babban yatsana.
Ban danna ba.
Na jira ya ja numfashi, na kutsa ta wannan kafar:
"Allah ya ƙara girma, Alhaji, mun ƙaru.
Ga wata can hannunta a sama tun ɗazu."

Wani ya manta makirfonsa a buɗe,
muka ji akuya, muka ji cokali na kankare tukunya.
Na rufe masa a hankali,
kamar mai ja wa mai barci ƙyaure.
Wani kuma da ashar ya yi sallama,
shi kam ban raka shi ba.

Inna Kulu daga Maiyama ta soma, murya ƙasa-ƙasa,
sai layi ya ɗauke ta.
Shiru.
Ashe shiru a waya ya fi buhu nauyi.
Na dafe wurinta, na hana kowa zama,
har ta dawo:
"Ku yanke mata ruwa kafin cira,
ku bar wuyanta ya bushe."

Caji huɗu.
Na tattara abin da aka faɗa, na yi godiya, na rufe.

Sai na ji gyaran murya a bakin rumfa.
Ban san tun yaushe Baba ke tsaye ba.
Ya ce, "Waccan ta Maiyama,
gobe ka ba ta minti biyar."